Tarihin Daniel Palmer, Ɗan Tiredan Da Ya Ƙago Sana'ar Gyaran Ƙashin Baya

 A yau mun ɗauko muku wani Bature ne da da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunansa a kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari, amma kuma sana'ar da ya ƙago ta taɓo abin da ake yawan kuka da shi a waɗannan kasuwanni, wato ciwon baya. Ɗan dakon da ya wuni yana sauke buhunan gero da wake, da direban tirelar da ya kwana a kan sitiyari yana jiran a buɗe iyaka, duk sun san ciwon nan da ke tasowa daga kwankwaso ya bi ɗuwawu, ya gangara cinya har ya isa yatsun ƙafa, wani lokaci kamar an zuba barkono, wani lokaci kuma ƙafar ta sage gaba ɗaya.

Ba a nan wajenmu kaɗai ba. Duk wanda fatauci ko tafiyar Hajji ta ƙasa ta taɓa bi da shi ta Sudan, ya san 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani da ke zaune a ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, daga Wad Madani zuwa Sinnar da Mai Wurno. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban gandun auduga na Jazira, mutanenmu suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin, ga shema, ga yasar magudanan ruwa, ga tsinkar auduga wadda ake yi a sunkuye tun safe har la'asar. Larabawan can suna kiran wannan ciwo irƙun nasa. In ya kama mutum a ƙauye, wurin basir ake fara kai shi, wato maɗorinsu, ko a kira wanzami ya kafa ƙaho, ko kuma a ƙona wurin da zazzafan ƙarfe.

To, yanzu ga wata hanya ta shigo. Da yawa daga cikinmu sun ga bidiyon da ake turawa ta waya, inda ake kwantar da mutum a kan wani ɗan gado, a danna masa baya ko a murɗa masa wuya har a ji ƙas, ya tashi yana murmushi. Sunan wannan sana'a kayirofiraktik, kuma mutumin da ya ƙago ta shi ne Daniel David Palmer. Ya kamata kafin mutum ya miƙa wuyansa a murɗa, ya san wane ne ya fara, da abin da ya sa ya fara.

Haihuwarsa da sana'o'insa

An haifi Palmer ranar 7 ga watan Maris na shekarar 1845, a wani ƙauye da ke gabas da birnin Toronto a ƙasar Kanada, wato a zamanin da Aliyu Babba ke sarautar Musulmi a Sakkwato. Ya taso a garin Port Perry. Mahaifinsa Thomas mai ɗinkin takalma ne da ya koma sayar da kayan masarufi, sai kasuwa ta juya masa baya a 1856, ya kwashe iyali ya ƙaura Amurka, ya bar Daniel mai shekara 11 da ƙanensa a Kanada su nemi na kansu. Sai a 1865 yaran suka bi iyayensu.

Daga nan Palmer ya shiga buga-buga irin wadda kowane ɗan kasuwa ya sani. Ya yi koyarwa a makarantun ƙauye a jihohin Ayowa da Ilinoi. Ya sayi fili kusa da garin New Boston a bakin kogin Misisifi, ya kafa amya masu yawa yana kiwon ƙudan zuma, yana kuma renon wani ɗan itace mai 'ya'ya da Turawa ke so, yana tallar dashensa a takarda ana aiko masa da kuɗi daga nesa. Harka ta fara kankama ke nan, sai wani mugun sanyi ya sauka a 1881 ya kashe masa zumar. Ya tattara ya koma What Cheer, wani garin masu haƙar kwal a Ayowa, ya buɗe tireda yana kuma sayar da kifi. A nan aka haifa masa ɗa namiji a 1882, aka sa masa suna Bartlett Joshua, wanda duniya ta fi sani da B.J. Uwar yaron ta rasu a 1884. Palmer ya yi aure aƙalla sau biyar a rayuwarsa, kuma yaron nan a hannun matan uba ya girma, ba tare da ya ga sakin fuska daga mahaifinsa ba. Masu karatu su riƙe sunan B.J., domin za mu sake haɗuwa da shi.

Abin da muka lura da shi a wannan zango na rayuwar Palmer shi ne, mutum ne mai son karatu ƙwarai, kuma ya iya talla. Bai taɓa shiga makarantar likita ba, amma ya tara littattafan da ke bayanin ƙirar jikin ɗan Adam yana bi da kansa. Haka kuma yana halartar tarurrukan masu da'awar magana da ruhin matattu, abin da ya yi tashe a Amurka a wancan zamani.

A 1886 ya bar kanti ya buɗe ɗakin magani a garin Burlington, ba da jimawa ba ya koma Davenport, shi ma a bakin Misisifi. Irin maganin da yake yi shi ake kira warkarwa da maganaɗisu. Masu wannan sana'a sun yi imani cewa akwai wani ƙarfi a jikin mai magani da yake iya zuba wa maras lafiya ta hanyar ɗora hannu da shafa. Ya sa wa kansa laƙabin Dakta, ya kama ɗakuna da dama a saman wani bene da ake kira Ryan, yana buga 'yar jaridarsa cike da shaidar waɗanda suka ce sun warke. Wata jaridar garin ta yi masa ba'a ta kira shi ɗan damfara, amma marasa lafiya ba su fasa zuwa ba.

Adalci shi ne mu faɗi abin da ya sa suke zuwa. Likitancin Turawa na wancan lokaci bai kai yadda muka san shi yau ba. Babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin, ana ba mutane magungunan wankin ciki masu guba, tiyata kuwa kasada ce babba. Ko hoton ƙashi sai a ƙarshen 1895 wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi. Mutumin da zai zauna ya saurare ka, ya taɓa inda ke maka ciwo, bai kuma ɗura maka guba ba, dole ya sami kasuwa.

Labarin mai shara

Ranar da masu wannan sana'a suke ɗauka a matsayin mafarinta ita ce 18 ga Satumba, 1895. A benen da Palmer yake aiki akwai wani baƙar fata mai suna Harvey Lillard da ke kula da shara da tsabtar wurin, wanda ya shekara 17 kunnensa ba ya ji sosai. Kamar yadda Palmer ya bayar da labarin, Lillard ya shaida masa cewa wata rana yana aiki a sunkuye a wuri matsattse sai ya ji wani abu ya ɓalle a bayansa, daga nan ji ya ɗauke. Palmer ya duba ya ga wani ƙulli a gadon bayansa tsakanin kafaɗu, ya lallashe shi ya kwanta, ya danna ƙashin da ƙarfi, sai ji ya dawo.

Shekaru da yawa bayan haka 'yar Lillard ta bayar da nata labarin, wanda ya sha bamban. Ta ce mahaifinta yana ba wani abokinsa labarin ban dariya ne a bakin ƙofar Palmer, shi kuma ya fito da littafi a hannu ya tsaya yana saurare, da dariya ta kama shi sai ya ɗaka wa Lillard littafin a baya, bayan 'yan kwanaki Lillard ya ce ya ji kamar kunnensa ya ɗan buɗe.

Ko wanne ne gaskiya, akwai abin da masana jikin ɗan Adam ba su da saɓani a kai. Jijiyar ji daga cikin kunne take tashi ta shiga ƙwaƙwalwa kai tsaye, duk a cikin ƙoƙon kai, ba ta sauka gadon baya ko kaɗan. Ba kuma wanda ya auna jin Lillard kafin abin da bayansa. Amma Palmer ya riga ya gamsu. Da wani mai ciwon zuciya ya zo, ya danna masa baya shi ma ya ce ya ji sauƙi, sai Palmer ya yanke hukunci cewa ya gano tushen cututtuka. Wani limamin coci daga cikin masu zuwa wurinsa neman magani, Samuel Weed, shi ya haɗa masa kalmomin Girkanci guda biyu ya ba shi sunan sana'ar, ma'anarsa abin da aka yi da hannu.

Danna ƙashin baya ba Palmer ya fara shi ba, shi da kansa ma ya yarda da haka. Likitocin Girka na dā sun yi, Ibn Sina ya yi bayanin mayar da ƙashin baya da ya goce a littafinsa Alƙanun, Turawa suna da maɗoransu na gado kamar yadda muke da Sarkin Ɗori a garuruwanmu. Kusa da shi ma a garin Kirksville na jihar Misuri akwai wani Andrew Still da ya buɗe makarantar gyaran gaɓoɓi da hannu tun 1892, kuma almajiran Still sun daɗe suna zargin Palmer da satar fasaha. Sabon abin da Palmer ya zo da shi da'awa ce. Ya ce kashi 95 cikin ɗari na dukan cututtuka daga gocewar ƙasusuwan baya suke, ragowar kuma daga gocewar sauran gaɓoɓi. Ya ƙaryata cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo annoba, ya kuma yaƙi allurar rigakafi har ƙarshen rayuwarsa.

A nan ne muke ganin maɗorinmu na gargajiya, ko basir na Jazira, ya fi shi sanin iyakarsa. Maɗori karaya da targaɗe da gocewar ƙashi ya gada, in ka kai masa mai zazzaɓin cizon sauro zai ce maka ba aikinsa ba ne. Ba wai maɗora ba sa kuskure ba, asibitocinmu sun sha yanke hannun yaro saboda an ɗaure karaya da tsanani har jini ya daina gudu. Amma ba mu taɓa jin maɗorin da ya ce da kara da tsumma zai warkar da kurumta da ciwon zuciya da tarin fuka ba.

Makaranta, kurkuku da rigima da ɗa

A 1897 Palmer ya fara koyar da sana'ar a Davenport. Ɗaliban farko 'yan kaɗan ne, wasunsu ma likitoci ne masu takarda. A 1902 ɗansa B.J. ya kammala, a wannan shekarar kuma uban ya tashi ba shiri ya tafi Kalifoniya, ya bar wa yaro ɗan shekara 20 makaranta da bashi a kanta. Yaron ya nuna ya fi uban iya kasuwa. Ya biya bashin, ya tara ɗalibai, kafin uban ya dawo makaranta ta tsaya da ƙafarta. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin rumfa a hannun ɗansa ya yi doguwar tafiya, ya dawo ya tarar abokan ciniki sun fi sanin ɗan, ya san irin zaman da zai biyo baya.

A farkon 1906 hukuma ta gurfanar da Palmer a kotun gundumar Scott da ke Ayowa bisa laifin yin aikin likita ba da lasisi ba. Aka same shi da laifi, aka ci shi tarar dala 350. Ya ce ba zai biya ba, aka kai shi gidan yari. Bayan kamar mako uku a tsare sai ya sauko, aka biya tarar ya fito.

Wani abin lura ga masu son haɗa tarihi, a daidai wannan lokaci ne Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawa suka kashe a Burmi a 1903, yake sauke jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Shaikh Talha, inda garin Mai Wurno ya kafu. Sana'ar da muke magana a kanta da garin sa'o'in juna ne.

Da Palmer ya fito daga kurkuku sai ya tarar an rufe masa ƙofa. An mayar da kadarorin makarantar da sunan matar ɗansa, kuma B.J. ba ya son ganinsa a harabar. Aka sa masu sasantawa, suka yanke masa dala dubu biyu da 'yan kai a matsayin rabonsa, ya karɓa ya bar garin. Ya nufi Oklahoma wurin ƙanensa, kuma mai karatu zai yi mamakin jin cewa tireda ya sake buɗewa a garin Medford. Bai daɗe ba ya koma koyarwa, ya buɗe makaranta da wani likita a birnin Oklahoma suka ɓata, ya tafi Portland a jihar Oregon a 1908 ya buɗe wata, nan ma aka rabu dutse a hannun riga. Mutum ne mai kaifin harshe da ba ya ɗaukar gyara, kusan duk wanda ya yi haɗin gwiwa da shi sai sun watse.

Shi kuwa B.J. sai gaba yake yi. A 1907 aka kama wani ɗalibinsu ɗan asalin Japan mai suna Morikubo a jihar Wisconsin, lauyansu Tom Morris ya kare shi da hujjar cewa wannan sana'a daban take da likitanci, tana da nata ilmi da nata fahimta, saboda haka dokar likitoci ba ta hau kanta ba. Kotu ta sallame shi. Tun daga ranar masu sana'ar suka koyi kauce wa kalmomin likitoci, suna cewa su daidaita ƙashi kawai suke yi. A 1910 B.J. ya sayo na'urar hoton ƙashi ya kafa a makarantar.

A wannan shekara ta 1910 uban ya fitar da wani ƙaton littafi mai shafi kusan dubu a Portland, wanda wani babban ɓangarensa martani ne da zagi ga ɗansa da tsofaffin ɗalibansa. Har a kan maganar jijiya sun saɓa. B.J. yana koyar da cewa ƙashi ne ke matse jijiya a inda take fitowa, kamar mutum ya taka tiyo ruwa ya tsaya. Uban ya ce sam, ƙashin tokare jijiyar yake yi ya sa ta yi tauri ko ta saki fiye da kima. Bugu da ƙari ya ce akwai wata basira ta halitta da ke gudana a cikin jijiyoyi, ita ce ke warkarwa. Ya kuma yi iƙirarin cewa ilmin nan ruhin wani likita mai suna Jim Atkinson, wanda ya daɗe da mutuwa, shi ya sanar da shi. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1911 har ya kawo shawarar a mayar da sana'ar addini, shi ya zama shugabansa, don a tsira daga dokar lasisi. Allah Ya kiyashe mu.

Abin da aka gano bayansa

Bari mu ɗan dakata da tarihin mu duba ciwon kansa, tunda shi ne ya dame mu. Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, waɗanda 24 daga ciki suke motsi: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a kwankwaso. Laka tana bi ta tsakiyarsu, jijiyoyi tagwaye 31 suna fita ta gefe zuwa sassan jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi mai taushin ciki, wanda yake aiki kamar matashi. Sai a 1934, shekara 21 bayan mutuwar Palmer, wasu likitoci biyu a birnin Boston, Mixter da Barr, suka tabbatar cewa yawancin irƙun nasa daga wannan faifai yake. Yakan tsage ne, cikinsa ya bulluƙo ya danne jijiya ya sa ta kumbura, galibi a faifai biyu na can ƙasan kwankwaso. Ke nan matsewar jijiya gaskiya ce, sai dai ba gocewar ƙashi ke kawo ta ba a mafi yawan lokuta, kuma babu hannun da zai iya tura faifan nan ya koma daga waje. Ƙarar da ake ji in an danna baya iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda muke ji in mun lanƙwasa yatsu.

Labari mai daɗi shi ne, mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi da kansu cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin jiki yakan shanye abin da ya bulluƙo. Wannan ne ya sa kowane mai magani yake da shaidu. Wanda aka yi wa ƙaho ya warke, wanda aka ƙona ya warke da tabonsa, wanda aka danna wa baya shi ma ya warke. Binciken da aka tattara ya nuna danna baya yana rage ciwon kwankwaso na yau da kullum gwargwadon yadda motsa jiki da tausar asibiti suke ragewa, bai fi su ba. Amma batun asma da hawan jini da kurumta, ba a sami hujja ba. A 2010 hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Ingila da kanta ta bayyana cewa babu binciken da ya tabbatar gocewar da Palmer ya faɗa tana haddasa cuta.

Wuya kuwa sai an yi hattara. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke ratsa ƙasusuwan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, kuma an sami mutanen da bayan an fizge musu wuya jijiyar ta tsage daga ciki, abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, wasu ma suka rasu. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wanda ya faɗa wa ba ya mayar da shi.

Akwai kuma bayan da bai kamata kowa ya danna ba, ko basir ko mai takardar Turai. Wanda fitsari ko bayan gida ya ƙwace masa ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya sage, ko ƙafa ta fara ja tana ƙara rauni, asibiti za a kai shi a ranar, domin jinkiri na iya barinsa a haka har abada. Haka wanda ya faɗo daga kan lodi. Haka mai ciwon baya tare da zazzaɓi da gumin dare da rama, don tarin fuka yana cin ƙashin baya ya mayar da shi kamar ruɓaɓɓen azara, in aka hau da ƙarfi sai ya burma kan laka. Yaro mai amosanin jini, cutar da aka sani a cikin Hausawan Shuɗin Nilu kamar yadda aka san ta a nan gida, shi ma ciwon ƙashinsa ba na dannawa ba ne.

Mun san faɗar a je asibiti ta fi zuwan sauƙi, musamman ga 'yan'uwanmu na Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya isa Jazira a Disambar shekarar, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani, sojoji ba su ƙwato birnin ba sai a Janairun 2025. Sinja ma ta faɗa hannunsu a tsakiyar 2024 kafin a karɓe ta a Nuwamba. An wawashe asibitoci da dama, ma'aikata suka watse, nauyin marasa lafiya ya koma kan basir da wanzami. Saboda haka waɗannan alamomi da muka lissafa, su masu maganin gargajiyar ne suka fi kowa bukatar saninsu, kuma fataken da ke da dangi a can suna iya isar da su.

Ƙarshensa

A watan Agustan 1913 Palmer ya dawo Davenport, a lokacin yana koyarwa a wata makarantar da ke gogayya da ta ɗansa a kan titi ɗaya. Makarantar B.J. ta shirya jerin gwano na tsofaffin ɗalibai, tsoho ya fito ya tsaya a gaba, ya ce shi ne ya kafa sana'ar don haka shi zai ja tawaga. Aka yi ta fama da shi ya koma gefe. Abin da ya faru daga nan har yau ana gardama a kai. Wasu suka ce motar da B.J. ke tuƙawa ta buge shi, wasu da suke wurin suka rantse mota ba ta taɓa shi ba. Ya koma Los Angeles inda yake zaune, ya kwanta ciwo, ya mutu ranar 20 ga Oktoba, 1913, yana da shekara 68. Takardar likita ta ce zazzaɓin taifot ne ya kashe shi, wato ɗaya daga cikin cututtukan da ƙwayar cuta ke kawowa ta gurɓataccen ruwa da abinci. Abokan gabar B.J. sun kai ƙara suna zarginsa da kashe mahaifinsa, amma masu tantance ƙara ba su ga hujjar gurfanar da shi ba. Zargin ya bi shi har ya mutu a 1961.

A shekarar da Palmer ya mutu jihar Kansas ta zama ta farko da ta yi dokar amincewa da sana'ar, jihar Luwiziyana kuma ta ƙarshe a 1974. Ƙungiyar likitocin Amurka ta yi shekaru tana yaƙar masu yin ta, har wata kotun tarayya ta yanke a 1987 cewa ƙungiyar ta karya dokar kasuwanci wajen ƙoƙarin durƙusar da su. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horar da su da na kiyaye lafiyar waɗanda suke dubawa. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ke koyar da sana'ar a jami'o'i biyu, a Durban da Johannesburg, inda ɗalibi ke shafe shekaru kafin a ba shi izinin taɓa bayan mutum. Su kansu masu sana'ar sun rabu biyu tun zamanin B.J., wasu suna riƙe da koyarwar Palmer yadda take, wasu sun tsaya kan ciwon baya da gaɓoɓi suna tura abin da ya fi ƙarfinsu wurin likita.

Harvey Lillard ya bar Davenport ya koma birnin Seattle, a can ya rasu a 1925. Makarantar da uba da ɗa suka yi rigima a kanta tana nan a kan titin Brady a Davenport, tana ɗauke da sunan Palmer.